Ba maraya ba ne: dalilin barin 'ya'yan namun daji inda aka gan su

Ina ɗan shekara goma sha ɗaya, wata damina lokacin maimai, aka aike ni yankan ciyawa a bakin gonarmu ta gero. Na sa lauje a gindin gamba ke nan sai na ga wani abu kamar ɗan hoge mai gashi. Ɗan zomo ne, bai fi tafin hannuna ba, kunnuwansa kwance a gadon bayansa, idanunsa buɗe tar. Na kai hannu, ko motsi bai yi ba. Na duba gabas na duba yamma, babu uwa, babu rami, babu 'yan uwa. Nan take na yanke cewa maraya ne, na cusa shi a hulata na sheƙa gida, murna da tausayi sun cika ni.

Kakata na tankaɗe a tsakar gida. Ta leƙa hular ta ce, "Maigida, mai da shi inda ka ɗauko. Uwarsa na nan, da magariba za ta zo." Na ce, "Wallahi Kaka ba kowa a wurin, na duba." Ta ce, "Kai za ta tsaya wa ka gan ta?" Ban ji maganarta ba. Na samo kwali na shimfiɗa tsumma, na riƙa ɗura masa madarar shanu da ƙaramin cokali. Kwana na biyu cikinsa ya kumbura, zawo ya kama shi. Kwana na uku da asuba na tarar da shi a sandare, kuma har yau ina tuna sanyin jikinsa a hannuna.

Kuskuren da na yi, manya masu hankali na yin sa kowace shekara a ko'ina, daga manomin da ya tsinci ɗan barewa a dajin Damargu har Baturen da ya tsinci ɗan tsuntsu a lambun gidansa. Tushensa guda ne: muna auna ɗan dabba da mudun ɗan Adam. Jaririn mutum in ka gan shi yashe a gindin itace ba uwa ba mai raino, lalle wani abu ya faru, kuma wajibinka ne ka ɗauka. Sai zuciya ta ɗauki wannan hukunci ta ɗora wa ɗan gada, alhali a wurin gada barin ɗan shi kaɗai shi ne rainon.

Ba sai an je jeji ba, a turken gidajenmu ma ana ganin abin. Duk wanda ya yi kiwo ya san ɗan tunkiya da ya miƙe ya sha nono sai ya liƙe wa uwarsa, inda ta ɗauke ƙafa nan yake sa tasa. Ɗan akuya kuwa, kwanakin farko, sai ya shige ƙarƙashin rumbu ko bayan turmi ya yi likimo, uwar ta tafi kiwonta, in ta dawo ta tsaya tana kira ya fito. Fulani ma sun san saniyar da ta haihu a daji takan ɓoye ɗan maraƙinta cikin ciyawa ta dawo cikin garke kamar ba abin da ya faru, sai an bi sawunta. Masana halayyar dabbobi sun raba masu kofato gida biyu a kan wannan: masu bin uwa, irin su doki da tunkiya da jakin dawa, da masu ɓuya, irin su barewa da gada da mazo da mariya da gwanki. Yawancin waɗanda muke tsinta a gonakinmu 'yan gida na biyu ne.

Lissafin mai ɓuya haka yake. Uwar barewa babba ce, ana hango ta daga nesa, hancin maci nama na kama warinta, amma in an biyo ta tana da ƙafa. Ɗanta na kwana uku ba shi da ƙafar da zai tsere wa dila. Gaskiya ne barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sai dai gudun sai ya yi ƙwari tukuna. Kafin nan makaminsa biyu ne: launin jikinsa da ya saje da ƙasa da busasshiyar ciyawa, da ƙarancin wari. In uwar ta tsaya a kansa ta zama tuta ke nan, duk mai neman nama ya san inda zai nufa. Don haka take yin nisa tana kiwo, kunnenta da idonta na wajen. Har wurin kwanciyar ma sau da yawa ɗan ne ke zaɓa da kansa: in ya ƙoshi sai ya rabu da ita ya taka zuwa wata duhuwa ya kwanta, yadda sawunta da warinta ba za su kai ga makwancinsa ba. In ta dawo ba ta zuwa kansa kai tsaye, takan tsaya daga ɗan nesa ta yi ƙaramin kira, shi ya taso. Yana sha tana lasar bayansa, tana haɗiye fitsarinsa da kashinsa, kada a bar abin da kura za ta sansano. Sau ƙalilan ake wannan haɗuwa a yini, sauran sa'o'in duk yana kwance shi ɗaya. A wasu dabbobin ana yin makonni a haka, ɗan mazo kuwa yakan kai kusan wata huɗu yana ɓuya kafin ya soma bin uwarsa.

Rashin gudun da ya yaudare ni shi ke yaudarar kowa. Mun ɗauka dabbar dajin da ta bari aka taɓa ta, ko dai ba ta da lafiya ko yunwa ta galabaitar da ita. Alhali a kwanakin farko an halicce shi ne a kan in ya ji motsi ya manne da ƙasa. Masu binciken da suka auna 'ya'yan barewar Turai da ta Amurka sun tarar bugun zuciyarsu na raguwa sosai idan abin tsoro ya matso. A Jamus wannan hali har ya zame wa manoma damuwa: injin yankan ciyawa na tafe da rugugi, ɗan barewa ba zai tashi ba, sai injin ya bi ta kansa. Shi ya sa yanzu a watannin Mayu da Yuni masu aikin sa kai ke fita da asuba da ƙananan jirage marasa matuƙi masu kyamarar gano ɗumin jiki. In sun gano ɗan, su kawar da shi gefe da safar hannu da ɗan damin ciyawa, in an gama yanka su sake shi nan kusa, uwar ta zo ta same shi. Ba wanda ke tafiya da shi gida.

Zomon daji ya fi kowa tsanantawa. Ba ya haƙa rami irin na zomon gida. Da gashinsu ake haifar 'ya'yansa, ido buɗe, a ɗan lotsi cikin ciyawa, kuma bayan kwana kaɗan sukan watse kowa ya kama gindin ciyawarsa, yadda in shaho ya sami ɗaya ba zai sami sauran ba. Wasu masana a ƙasar Holan da suka bi diddigin zomon dajin Turai sun tarar uwar sau ɗaya tak take shayarwa a kwana, bayan faɗuwar rana. Kamar minti 45 da faɗuwar ranar 'ya'yan su taru inda aka haife su, jim kaɗan ta iso, su sha na 'yan mintoci, ta yi tsalle ta ɓace, sai kuma gobe war haka. Nononta mai kauri ne, kitsensa ya ninka na saniya sau biyar, shi ya sa wannan sha ɗaya ke riƙe su. Ka ga ke nan cikin sa'a 24 ɗan zomo lafiyayye, mai uwa, shi kaɗai yake in ban da waɗannan mintoci. Kakata ba ta taɓa jin labarin Holan ba, amma magaribar da ta faɗa mini ita ce dai wadda masanan suka auna da agogo.

Ga inda abin ya fi ɗaurewa, kuma nan ne masu kyakkyawar niyya ke faɗawa. Mutum ya ce shi ba zai yi garaje ba, bari ya tsaya ya ga ko uwar za ta zo. Ya tsaya taku goma daga wurin, sa'a ɗaya, sa'a biyu, shiru. Sai ya ce to ya tabbata an yar da shi. Bai san cewa tsayuwarsa ce ta hana ta zuwa ba. A idon barewa mutum ba shi da bambanci da damisa, kuma uwa ba za ta taka zuwa ga ɗanta abokin gaba na kallo ba, don yin haka nuna masa wurin ne. Tana can cikin sabara tana kallon mai kallon ɗanta. Duk minti ɗaya da ya ƙara a wurin, ɗan na ƙara jin yunwa, kuma sawun ƙafarsa da ciyawar da ya tattake sun zama hanyar da karen ƙauye zai bi da dare.

Masu cin nama ma haka suke barin nasu, domin uwa ba za ta je farauta da jarirai a baya ba. A jihar Maharashtra ta Indiya damisa ta saba haihuwa cikin gonakin rake saboda duhuwar da take samu a ciki, lokacin sara sai leburori su yi kiciɓis da 'ya'yan. A da akan kwashe su ne a matsayin marayu, su ƙare rayuwarsu a keji, uwar kuma ta yi ta zagayen ƙauye a fusace tana nema, abin da ke jawo ta far wa mutane. Sai ƙungiyar Wildlife SOS da ma'aikatar gandun dajin jihar suka canja salo. Likita ya duba 'ya'yan, a sa su cikin akwati, da yamma a mai da su daidai inda aka same su, a kafa kyamara, kowa ya watse. Cikin dare uwar ta zo ta ture murfin, ta kama su a wuya ɗaya bayan ɗaya ta tafi. Fiye da 'ya'yan damisa 100 aka mayar wa iyayensu ta wannan hanya.

Na tsuntsaye ya fi shafar mu kullum, don a tsakar gida da bakin masallaci yake faruwa, kuma yaranmu ne ke tsintowa. A nan dole a bambanta iri biyu. Akwai ɗan tsuntsun da yake jajir, bai yi gashi ba ko kuwa 'yan tsiraru ne, ido rufe ko da ƙyar ya buɗe, ba ya iya tsayawa da ƙafarsa. Wannan faɗowa ya yi, ko iskar hadari ta kaɗo shi, kuma taimakonsa shi ne a nemo sheƙar a mai da shi. In sheƙar ta wargaje, a samo ƙaramin kwando ko ƙoƙon da aka huda ƙasansa don ruwa ya zube, a sa ragowar sheƙar ko busasshiyar ciyawa, a ɗaure a reshen da ya fi kusa da wurin farko. Akwai kuma wanda ya yi gashi sosai, wutsiyarsa guntuwa, yana tsalle-tsalle yana kama reshe da ƙafa amma bai iya tashi sama sosai ba. Wannan fita ya yi da kansa. Tsuntsaye da yawa na barin sheƙa kafin fiffikensu ya gama ƙwari, su yi kwanaki a ƙasa da ƙananan rassa, iyayen na sauko musu da abinci. Sheƙa wuri ne da maciji da hankaka ke saurin ganowa, don haka barin ta da wuri tsira ne. Yaron da ya ɗauko irin wannan ya ce uwarsa ta gudu, in ka ɗaga kai za ka gan ta a kan katanga ko waya, wani lokaci da tsutsa a baki, tana ta kuka.

Wannan kukan nata an san shi tun zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Abu Dawud ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud cewa suna cikin tafiya sai suka ga wata 'yar tsuntsuwa da 'ya'yanta biyu, suka ɗauke 'ya'yan. Ta zo tana ta shawagi tana karkaɗa fiffike. Da Annabi ya dawo ya gani sai ya tambayi wane ne ya tayar wa wannan hankali a kan 'ya'yanta, ya ce a mai da mata su. Abin da ke taɓa ni a hadisin nan shi ne an duba halin da uwar ta shiga. Mu in mun tsinci ɗan dabba, shi kaɗai muke gani, wadda ke neman sa ba ta shiga lissafinmu.

Sai kuma abin da ke samun sa bayan ya shigo hannunmu. Na farko tsoro. Ɗan dabbar da ya yi lamo a ƙirjinka yana cikin firgici mafi girma da ya taɓa shiga, ga hannuwa na shafa shi, ga yara sun yi masa da'ira, ga haushin kare. Likitocin namun daji sun san wata cuta da ke bin kamu, musamman a barewa da danginta da tsuntsaye masu dogayen ƙafafu: tsoro da fafutukar kuɓuta na lalata tsokar jiki, abin da ya fito daga ruɓaɓɓiyar tsokar ya illata ƙoda, zuciya ta gaza. Dabbar na iya mutuwa nan take, ko bayan kwanaki ana ganin kamar ta saba. Na biyu abinci. Kowace dabba da irin nononta, kuma madarar shanu ko ta gwangwani da muke saurin ɗaukowa ita ce ke kawo kumburin ciki da zawon da ke ƙarasa su. Daphne Sheldrick ta Kenya, wadda ta kafa gidauniyar rainon marayun giwaye a 1977, sai da ta yi shekara 28 tana gwaji, jariran giwa na mutuwa a hannunta, kafin ta dace da haɗin madara mai man kwakwa da cikinsu ke karɓa. Mace ce da ta ba da rayuwarta ga aikin. Ɗan shila da ɗan kurciya kuwa, kwanakin farko, wani farin abu mai kama da cuku suke ci, wanda uwa da uba ke fitarwa daga maƙoshinsu, kuma jiƙaƙƙen gero ba ya maye gurbinsa. Ruwan da ake ɗiga wa ɗan tsuntsu a baki don tausayi, sau da yawa huhunsa yake shiga, domin ƙofar numfashinsa na nan daidai bayan harshe.

A ce ma ya rayu. Konrad Lorenz na Austriya, wanda ya sami lambar Nobel a 1973, ya nuna yadda 'ya'yan dinya ke ɗaukar abin da suka fara gani yana motsi a matsayin uwa, har suka riƙa bin sa a layi duk inda ya nufa. Dabbar da ta tashi a hannun mutum ba ta koyi abin da za ta ci a jeji ba, ba ta koyi wanda za ta guda ba, kuma ta daina tsoron mutum da karensa. In ka sake ta, maharbi na farko da ta gani wurinsa za ta nufa. In ka riƙe ta, ranar da namijin ya balaga zai ɗauki mutanen gidan abokan karawarsa, kuma ƙahon barewa ko na gada, duk ƙanƙantarsa, yana huda cinyar yaro. Biri ya fi muni. Shi ya sa ƙarshen yawancinsu igiya a ƙugu da turke a bayan gida.

A gandun dajin Yellowstone na Amurka abin ya faru sau biyu a idon duniya. A watan Mayun 2016 wani mutum da ɗansa suka ga ɗan baunar Amurka a bakin hanya, suka ga kamar sanyi zai kashe shi, suka sa shi a bayan motarsu suka kai wa ma'aikata. Aka yi ta ƙoƙarin mai da shi cikin garke, abin ya ƙi, ya koma tunkarar mutane da motoci a kan titi, daga ƙarshe aka kashe shi. A Mayun 2023 wani ya ga ɗan bauna ya rabu da uwarsa wajen ƙetare kogin Lamar, ya turo shi daga gaɓa zuwa kan hanya. Ƙarshensa ɗaya da na farko, mutumin kuma kotu ta ci shi tarar dala 500 ban da wasu kuɗaɗen. Dokar wurin ta ce kada a matsa kusa da bauna ƙasa da mita 23. Ba na ganin mutanen nan a matsayin mugaye, hannunsu irin nawa ne ranar da na cire hula a gindin gamba. Garin gyaran gira aka rasa ido.

Akwai kuma lafiyar mai ɗaukowa. Dila da jemage na iya ɗauke da ciwon haukan kare, zazzaɓin Lassa daga wani irin ɓera yake fitowa, kuma a 2003 mutum 47 suka kamu da ƙyandar biri a Amurka ta dalilin dabbobin da aka kai can daga Ghana don kiwon sha'awa, ciki har da gafiya. Yaron da ke kwana da ɗan dabbar daji a ɗaki yana kwana da duk abin da ke jikinta.

Dole in taɓo wani gefe da ba na tausayi ba, domin kalmar "tsintar sa na yi" ta zama mayafin ciniki. Ka tsaya a bakin babbar hanya ka ga an ɗaga ɗan biri ana tallarsa, a ce maka an same shi ne shi kaɗai. Jaririn biri ba ya zama shi kaɗai. Manne yake da cikin uwarsa dare da rana, kuma kusan ba yadda za a raba su sai an kashe ta. Wanda ya saya don ya cece shi ya biya kuɗin harsashin da za a harbi wata uwar. Haka aka yi wa gauraka: yau da wuya ka gan ta a fadamun arewacin Najeriya, amma za ka gan ta tana taku a farfajiyar gidajen masu hali, inda da wuya ta hayayyafa. Ɓacewar fadamu na da nata kason, kamun na da nasa. Barewarmu mai jan goshi ma kamun 'ya'yanta don ajiya a gida na cikin abin da ke rage ta. Babbar barewar sahara mai jan wuya, wadda ta rage a tsaunin Termit da Ayar a Nijar da wani yanki na Chadi, ba ta wuce 'yan ɗaruruwa ba a duk duniyar jeji. A irin wannan adadi ɗa guda da aka ɗauke giɓi ne babba. Ga kuma raƙuman dawan Kure, kusa da Yamai: 49 suka rage a 1996, da aka hana taɓa su, mutanen yankin suka yarda su zauna tare da su, yau sun haura 600. Najeriya na da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985, aka ƙarfafa ta a 2016, Nijar ma tana da tata dokar farauta ta 1998.

Na san abin da wani zai ce: in na bar shi, ai kare zai cinye, ko wani yaro ya ɗauka, ko ƙunar daji ta cim masa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, don jejinmu ya tsuke, gona ta haɗe da gona. Kuma ko ba mutum, da yawa cikin 'ya'yan namun daji ba sa kai shekara, dila ma tana da 'ya'yan da ke jiran ta. Wannan abu ne mai ɗaci a zuciya, ni ma ban taɓa jin daɗinsa ba. Amma a auna biyun. A gindin ciyawa yana da nonon da ya dace da cikinsa da uwar da ta san jejin. A cikin kwali yana da cokali da hannun da bai san kan abin ba, a ƙasar da wuraren rainon namun daji suka yi ƙaranci ƙwarai. In kare ne damuwar, kare za a ɗaure. In yara ne, su za a janye.

Akwai lokacin da sa hannu ya zama dole, kuma alamunsa ba ɓoyayyu ba ne. Ka ga gawar uwar a kusa, ko ka san an harbe ta. Ka ga jini ko karaya, ko ƙudaje da tsutsa da tururuwa sun hau shi. Ka gan shi yana yawo yana kuka ba fasawa tun safe har yamma, domin mai uwa shiru yake yi. Ka gan shi kwance a gefe ɗaya ya miƙe ƙafafu, kai ya langaɓe, jiki ya yi sanyi, maimakon ya naɗe ƙafafunsa a ƙarƙashinsa. Ko ka ƙwato shi daga bakin kyanwa, domin ƙwayoyin cutar da ke bakinta na kashe ɗan tsuntsu cikin kwana ɗaya ko biyu ko da raunin bai fi tsinin allura ba. A irin wannan hali a sa shi cikin kwali mai huji, a wuri mai duhu da ɗumi da shiru, kada a ba shi ruwa ko madara, a nemi likitan dabbobi ko ofishin gandun daji mafi kusa. Wanda ke kusa da Yankari ko Kamuku ko Gashaka Gumti ya sanar da ma'aikatan wurin. In kuwa haɗarin wurin ne kawai, kamar tsakiyar hanya ko gaban garma, a matsar da shi 'yan taku zuwa inuwa a tafi, a dawo washegari a duba daga nesa.

Wanda kuma aka riga aka kawo gida, a mai da shi, ko da ya kwana. Maganar da ake yi cewa in hannun mutum ya taɓa ɗan tsuntsu uwarsa ba za ta ƙara karɓarsa ba, ba ta da tushe. Ita ma uwar barewa takan yi kwana ɗaya ko biyu tana zagaya wurin tana kira, nono na damun ta. Sa'o'in farko bayan haihuwa ne suka fi haɗari, lokacin da take lasar ɗan tana haddace warinsa, kamar yadda makiyayi ya san tunkiyar da aka raba da ɗanta a wannan lokaci kan ƙi shi. Bayan wannan, jinkirin mayarwa ya fi warin hannu illa.

Bara da damina ɗan ƙanwata ya shigo zaure da ɗan kurciya a tafin hannu, abokansa uku na biye, har an samo zaren da za a ɗaura masa a ƙafa. Gashinsa ya fito, sai 'yan silin rawaya da suka rage a kansa. Ya ce, "Kawu, a gindin darbejiya na same shi, uwarsa ta tafi ta bar shi." Na ce ya kai ni wurin. Muka ɗora shi a wani ƙaramin reshe da hannuna ke kaiwa, na sa aka rufe kyanwar gidan a ɗaki, muka koma cikin zauren muka zauna inda muke hangen itacen ta ƙofa. Yaran uku suka gaji suka tafi ƙwallo. Shi ya zauna, yana ta tambayata ko dai mu je mu ɗauko shi. Ana gab da kiran la'asar sai ga kurciya ta sauka a reshen sama, ta daɗe tana juya kai, sannan ta gangaro. Ɗan ya hau karkaɗa fiffike, ya cusa bakinsa cikin nata, ita kuma tana ta sunkuyar da kai tana ɗagowa. Yaron ya damƙe hannuna ya ce a hankali, "Kawu, ga ta nan." Kwana huɗu yana zuwa dubawa kafin ya tafi makaranta. A na biyar ya dawo da gudu ya ce ya gan su su biyu a kan katangar maƙwabta.